Hayaƙin Kawu Dogo

Ruwan Agustan bana ya ƙi ɗagawa a Gyaɗi-Gyaɗi. Kwatar layinmu ta cika ta tumbatsa, masu adaidaita sun daina shigowa, wankin da na shanya tun farkon mako har yau bai bushe ba, sai warin danshi yake yi. Yau da safe ina tsaye a bakin kicin na ga hayaƙi yana tasowa ta bayan katanga, daga gidan Hajiya Iya, tsohuwar da muke maƙwabtaka da ita. Ita kaɗai ce a gidan tun da jikarta ta yi aure, kuma ta rantse ba ita ba girki da gas. Hayaƙin siriri ne, na jiƙaƙƙen ice, ya kasa tashi sama sai ya kwanta a kan katangar. Yana shiga hancina na tuna wata damina da na fi son in manta.

Ni ba 'yar Kano ba ce, aure ne ya kawo ni. A kan dutse aka haife ni, can kudu, inda ƙasa take fara hawa idan an doshi Jos. Wanda ya kira wurinmu ƙauye ma ya yi mana kara. Duwatsu ne a jere, wani yana leƙen wani, tsakaninsu kwari mai zurfi da rafi a ciki. A kan kowane dutse gida ɗaya ne ko biyu, don ƙasar noman ba ta isa ta ciyar da fiye da haka. Gonakinmu hawa-hawa suke kamar matakala, kowane hawa an tare shi da jeren duwatsu kada ruwa ya wanke shi, ƙasar ma kakanninmu da kwando suka ɗebo ta daga kwari. Babu kasuwa, babu kiran salla, babu ƙararrawar coci. Idan iska ta kawo maka carar zakaran wani gida, ranar ka ji labari.

Gidanmu yana Dutsen Tsamiya. Tsallaken rafi, daidai saitinmu, Dutsen Gwanki ne, inda yayan mahaifiyata yake zaune, Kawu Dogo. Da ido kana ganin jinkar ɗakinsa, da ƙafa kuwa sai ka gangara, ka haye rafi, ka sake hawa, rabin yini ya tafi. Saboda wannan nisa ne mutanenmu ba sa gaisuwar safe da baki. Bayan asuba kowane gida zai hura wuta, ya zuba mata ɗanyen ganye, farin hayaƙi mai kauri ya tashi. Ma'anarsa mun kwana lafiya. Sai ka hau falalen dutsen bayan gidanka ka duba na maƙwabta. Gidan da hantsi ya yi bai yi hayaƙi ba, wanda ya fi kusa zai ajiye duk abin da yake yi ya tafi. Ba wanda ya taɓa koya mini wannan, haka na tashi na tarar.

A shekarar da soja suka koma bariki karo na ƙarshe, ina amarya a Tarauni, muna haya a wani gida mai ɗakuna da yawa. Maigidana, Malam Sani, ma'aikacin gwamnati ne. Labari ya zo mana cewa accar bara ba ta yi ba a kan duwatsu, rumbuna sun kusa zama wayam. Mahaifina ya daɗe da rasuwa, Inna ita kaɗai ce a gida. Malam ya ce in je in taho da ita kafin ruwa ya kankama. Na shirya kayan mako guda, ina ganin maganar ba ta wuce in je in ce mata ta tashi ba.

Mota ta ajiye ni inda hanya ta ƙare. A jikin dutsen farko na ga hotunan 'yan takara da aka manna lokacin zaɓe, ruwan farkon damina ya fara ɓamɓare su. Sun yi alkawarin hanya har sama. Hanyar ba ta hau ba, amma samarinmu sun sauka. Wani ya bi sabon kansila yana jiran a ɗauke shi masinja, wani ya samu babur yana acaɓa, wasu sun tafi ne kawai don kowa yana cewa ƙasa ta buɗe. Ina hawa ina wuce gidajen da na sani, jinka ta rufta, ciyawa ta fito a murhu. Ban haɗu da kowa ba sai birai, su ma kallon baƙuwa suka yi mini.

Inna ta saurare ni har na gama tsara mata famfo da wutar lantarki da asibiti a kusa. Sannan ta ja ni zuwa falalen dutse ta nuna tsallake.

"Idan na bi ki, wa zai duba hayaƙin Yaya?"

"Inna, ai shi ma sai mu tafi da shi."

"Je ki gaya masa da bakinki. Ina nan ina jiran ki."

Na je kuwa. Kawu Dogo mutum ne mai tsawo har ya ranƙwafa, matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza duk sun sauka. Na same shi yana gyaran jeren duwatsun gonarsa, yana ɗaga dutsen da ni ba zan iya motsa shi ba. Ya ji maganata ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Bakanuwa, mu je Kano in yi me? In zauna a kan tabarma ina kallon ƙafafun mutane? Ku da kuke kwana bango ɗaya da mutum ba ku san sunan ubansa ba?"

Shi da Inna idan suka haɗu faɗa suke yi, kan akuya, kan iri, kan wata magana da uwarsu ta yi tun suna yara. Amma ban taɓa ganin ta sa ko ruwa a bakinta da safe ba sai ta ga hayaƙinsa. Ta ce in bari sai an yanke acca, sannan a sake magana. Ni kuma na leƙa rumbu na ga abin da ya rage, na san ba zan iya juya baya in bar ta ba. Na aika wa Malam saƙo ta wurin direban mota, ya amince in zauna. Haushi dai na ji, ba zan ɓoye ba, haushinta da na Kawu da na dutsen gaba ɗaya.

Aka yi shuka. Acca watsa ta ake yi, sannan idan ta fito a bi ta da hannu ana cire ciyawa, a sunkuye tun safe har bayanka ya daina zama naka. Ina yarinya, ranar gayya sai ka ga mutane sun rufe gefen dutse, ana kiɗa, mata suna kawo kunu a manyan ƙore. A wannan shekarar mu ne gayyar gaba ɗaya: ni, Inna, Kawu, sai Yohanna da matarsa Saratu, waɗanda gidansu yake dutsen da ke bayan namu. Yohanna shi ne ƙarami a mazan da suka rage, shi ma furfura ta fara masa. Muna zagayawa, yau gonar wannan, jibi ta wancan. Kafin mu gama zagaye ciyawa ta dawo inda muka fara. Ba kiɗa, ba waƙa, sai nishi da ƙarar rafi a ƙasa.

Sau ɗaya Malam ya aiko mana da buhun masara. Yohanna ya ɗauko shi a ka tun daga bakin hanya, Inna ta raba shi gida-gida, bai yi wani nisa ba. Daga nan yunwa ta zauna. Yunwar damina ba irin ta azumi ba ce, wadda ka san ƙarshenta magariba. Ko'ina ka duba kore shar, ido yana ƙoshi, ciki ba komai. Muka koma tafasa da rama, a dafa da 'yar kanwa, a yayyafa ɗan gari a kai don a ce an ci hatsi. Gishiri ya ƙare. Muka tono gwaza tun ba ta ƙosa ba, tana yi mana ƙaiƙayi a maƙogwaro, muna ci a haka. Idan na miƙe daga sunkuyo sai in ga duhu ya gilma, sai na dafa dutse. Ga sanyi. Girgije yana saukowa har tsakar gida, zane ba ya bushewa, ashana ba ta kamawa, shi ya sa ba ma barin garwashi ya mutu.

Akwai wata ƙa'ida ta watan yunwa da kowa ya sani. Ba a kai ziyara. Baƙo a wurinmu ba ya fita gida bai ci ba, ko da abin da ya rage wa mai gida ke nan. Don haka idan rumbu ya yi ƙasa, zuwa gidan mutum ba tare da dalili ba zalunci ne, kuma cin fuska ne, kamar ka zo leƙa tukunyarsa. Muddin hayaƙinsa yana tashi, ka tsaya a dutsenka.

Ganina na ƙarshe da Kawu a gonar Inna ne, ranar da muka gama cirar ciyawa ta biyu. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, amma bakinsa yana nan. Ya ƙi cin tafasar da Inna ta zuba masa, ya ce ya ƙoshi, ta ce ƙarya yake yi, suka yi ta yi. Da hadari ya haɗo ya ɗauki sandarsa don ya haye kafin rafi ya kawo.

"Na ga wata kirya ta faɗi a bayan gidana," in ji shi. "Zan ja kututturen in sa a murhu. Ya ishe ni har kaka, na huta da neman ice a ruwa."

"Kai da wannan bayan naka?" in ji Inna. "Ka bari Yohanna ya zo."

"Yohanna ɗanki ne? Ke dai ki riƙa sa ganye da yawa, hayaƙinki kullum kamar na marowaciya."

Washegari aka tsuge da ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba. Ba mai ƙarfi ba ne kullum, amma ba ya tsayawa. Rafi ya kawo ya rufe duwatsun da ake takawa, ƙararsa har cikin ɗaki. Kowace safiya Inna za ta yi salla, ta tona garwashi, ta zuba ganye, ta yafa buhu a ka ta hau falalen dutse. Wani lokaci sai ta daɗe a tsaye kafin girgije ya ɗan yaye. Idan ya yaye sai mu ga hayaƙin Yohanna a baya, mu ga na Kawu a tsallake. Sai ta sauko ta ce alhamdulillahi, mu ɗora tafasa.

Wata safiya na hau tare da ita. Hayaƙin Kawu yana tashi, amma ba fari ba ne, siriri ne mai shuɗi-shuɗi, yana fita ta saman jinka a hankali.

"Inna, yau na Kawu ba kauri."

"Ganye ne bai sa ba. Wa zai fita tsinko ganye a wannan ruwa? Ba dai ga shi yana tashi ba?"

Da la'asar na je ɗebo ruwa na ga har lokacin yana tashi, yadda yake da safe. Na gaya mata. Ta ce tsoho ne, sanyi yake ji, yana jin ɗumi. Maganarta ta yi daidai da hankali, ni ma na yarda. Gobe haka, jibi haka. Na lura dai ta fara daɗewa a kan falalen fiye da da, kuma idan ta sauko ba ta cewa komai. Sau ɗaya ta ɗauki sandarta har ta kai bakin gangare, ta tsaya tana kallon rafi, sannan ta dawo.

"Idan na je sai ya ba ni abin da zai ci," ta ce. "Ya kuma yi mini masifa a kai. Na san Yaya."

Ranar da ruwa ya ɗauke, gari ya waye tas, rana ta fito a kan duwatsu kamar an wanke su. Muka hau falale. Na Yohanna ya tashi. Dutsen Gwanki ba komai. Muka tsaya har hantsi ya ɗaga. Inna ta sauko ba ta dube ni ba, ta kwashi duk ganyen da ke cikin kwando ta danna a wuta, ya cinye ta ƙara wani. Haka ake kiran maƙwabci. Kafin rana ta take Yohanna ya iso da igiya a kafaɗa.

Ruwan rafi ya kai mini ƙirji. Yohanna ya ɗaure igiyar a jikin bishiya ya haye, muka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Inna, wadda kwana da kwanaki ba ta ci abin kirki ba, ita ce a gaba a hawan, ni ina haki a baya. Accar Kawu ta yi kai ta sunkuya, saura ƙiris ta nuna. Muna shiga gidan na ga akuyarsa a ɗaure. Ta cinye duk ciyawar da igiyarta ta kai, har jar ƙasa ta fito a zagaye, muryarta ta dishe.

Inna ta yi sallama. Ta sake yi. Yohanna ya ce mu tsaya, ya tura asabarin ya shiga. Bai daɗe ba ya fito ya cire hularsa.

"Inna, sai haƙuri. Ba yau ya rasu ba."

Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta ture shi ta shiga, na bi ta. Ba zan faɗi duk abin da na gani ba. Kawu yana kwance a ƙasa tsakanin gadonsa da murhu. A murhun kuwa toka ce doguwa, tsawon kututturen kiryar da ya ce zai ja. Ya ja shi kuwa, shi kaɗai. Wuta ta kama shi ta ɗaya gefen tana ci a hankali, yadda kirya take yi, har ta fita ta ɗaya gefen. Na kai hannu, ƙarshen tokar da sauran ɗumi.

A bakin ƙofa daga ciki akwai kwandonsa cike da ganye. Ganyen ya yi baƙi, ya manne da juna, funfuna ta fito masa. Inna ta durƙusa ta sa hannu a ciki ta ɗago.

"Asabe, kin gani? Ya tsinko. Ya tsinko zai gaishe ni." Ta juya ta dubi tokar. "Ni kuma ina can kullum ina gaisawa da ice."

Ban taɓa jin abu ya soke ni irin wannan maganar ba, har yau.

Yohanna ya gangara gindin dutse ya taho da wani malami da ƙanensa. Su ne suka yi masa sutura, su ne sahun sallar gaba ɗaya, ga mutumin da a zamaninsa ba a binne kowa a duwatsun nan sai da shi. Yohanna ya tsaya a gefe riƙe da fartanya har suka idar. Kabari ya zama aiki, don duk inda aka sara dutse ne. Wuri ɗaya ne ƙasa take da zurfi, hawan gonarsa na sama, wanda shi da ubansa suka cika da kwando. Sai da aka tuge accar da ke wurin aka haƙa. Muka kwance akuyar muka taho da ita, Inna tana jan ta.

Ba a yi mako ba acca ta nuna, kuma ta yi kyan da ta daɗe ba ta yi ba. Hannun yanka ne babu. Muka yanke abin da muka iya da lauje, muka sussuke da ƙafa, sauran tsuntsaye da birai suka raba. Ranar da aka fara tuƙa tuwon sabuwar acca ƙamshinsa ya cika gida, ni na ci har cikina ya yi ciwo, kunya tana kama ni ina ci. Inna ta kai loma ɗaya ta wanke hannu. 'Ya'yan Kawu sun hau bayan an gama komai, suka yi kuka a kan kabari, suka kwana, suka sauka.

Ban sake yi wa Inna maganar Kano ba, ita ta ɗaure kayanta da kanta. Ana gobe za mu tafi ta taka har gidan Yohanna, ta ba Saratu akuyar, ta ce musu, "Gobe ba za ku ga hayaƙi ba. Kada ku wahalar da ƙafarku." Da safe muka fito murhu a sanyaye, ba ta hau falalen ba.

Ta yi shekaru tare da mu a Tarauni. Ba ta taɓa sabawa ba. Yawan mutane yana sa ta jiri, ta ce duk mutanen duwatsunmu ba za su cika motar Unguwa Uku ɗaya ba. Amma ta ɗauki wata ɗabi'a da ta dami 'yan gidan hayar. Kowace safiya sai ta bi ɗakuna tana ƙwanƙwasawa, kuma ba ta matsawa sai ta ji murya. Ko rediyo yana yi a ciki, ko ga takalmi a ƙofa, ko ga tukunya a wuta, ba ruwanta. Samarin gidan suka sa mata suna mai gadi. Malam ya taɓa roƙona in yi mata magana, na ce ya yi mata da kansa. Bai yi ba. A nan Allah ya karɓi abarsa, jama'ar da ta yi mata salla har titi.

Na ji an ce hanya ta kai gindin dutsenmu daga baya. Yohanna da Saratu sun bi ɗansu. Jeren duwatsun gonaki sun zube, ruwa ya mayar da ƙasar kwarin da aka ɗebo ta. Ban koma ba, kuma ba na jin zan koma. Acca ma sai a leda nake ganinta a kanti, an ce likitoci suna yabonta.

Duk wannan ya zo mini ne a tsaye a bakin kicin, ina kallon hayaƙin Hajiya Iya yana kwanciya a kan katanga. Na tuna tun da ruwan nan ya fara ban ji tarinta ba. Na shiga ɗaki na ɗauko mayafi da lema. 'Yata Bilkisu ta ɗago kai daga wayarta.

"Umma, ina za ki cikin ruwan nan?"

"Gidan Hajiya Iya."

"Haba Umma, ba ga hayaƙinta nan ba? Girki take yi, lafiyarta ƙalau."

Na tattare zanena na ratsa ruwan kwata, na buga ƙofar. Shiru. Na sake bugawa da ƙarfi. Can sai na ji an ja takalmi, an yi tari.

"Wane ne zai ɓalla mini ƙofa da sassafe? Mutuwa aka yi?"

"A'a Hajiya, ni ce, Asabe. Gaishe ki na zo yi."

Ta buɗe, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta fara faɗa. Ta ce mai hankali ba ya fitowa gaisuwa a irin wannan ruwa, ta ce na sa kununta ya yi gudaji. Na tsaya a ƙarƙashin lema ina sauraro har ta gama, ban katse ta ba.